MacGregor, sunan da gwamnati ta haramta amsawa: tambayoyi da amsoshi

A cikin sunayen zuri'o'in ƙasar Sikotlan akwai waɗanda suka fi MacGregor yawan jama'a, akwai kuma waɗanda suka fi shi dukiya da sarauta. Amma da wuya a sami wanda ya kai shi shan wahala. An yi zamanin da in mutum ya ce sunansa MacGregor, hukuncinsa kisa ne, kuma dokar ta yi aiki kusan shekara 140 idan aka haɗa zangonta biyu. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan suna.

Mene ne ma'anar MacGregor?

Asalin sunan daga harshen Gelik ne, harshen mutanen yankin tsaunukan arewa da yammacin Sikotlan. A can ana rubuta shi MacGriogair. Kalmar mac tana nufin ɗa, Griogair kuma sunan mutum ne, ke nan ma'anar ita ce ɗan Griogair, kamar dai yadda muke cewa ɗan wane. Shi kansa Griogair ɗin baƙo ne a Gelik. Coci ce ta kawo shi daga Latin, inda ake cewa Gregorius, su kuma Rumawa sun aro shi daga Girkanci, inda yake nufin mai lura, wanda ba ya gafala. Abin da ya yaɗa sunan a Turai shi ne Fafaroma Gregory na farko, wanda ya riƙe kujerar daga 590 zuwa 604, da sauran fafaromomi da waliyyan Kirista da suka amsa shi bayansa.

Akwai bambanci tsakanin MacGregor da McGregor?

Babu. An sha jin ana cewa Mac na 'yan Sikotlan ne, Mc kuma na 'yan Ailan, amma zance ne kawai. Mc taƙaitawa ce da magatakarda suka riƙa yi don saurin rubutu, har ma a tsoffin takardu za ka ga M'Gregor. Gida ɗaya, wa ya rubuta Mac, ƙane ya rubuta Mc.

Inda ake da bambanci na gaske shi ne wajen mace. A Gelik ba a kiran mace ɗan wane, sai a ce NicGriogair, wato 'yar ɗan Griogair. Da Turanci ya mamaye takardun gwamnati sai wannan ya ɓace daga rubutu, aka haɗa maza da mata a ƙarƙashin Mac.

Da gaske ne su jinin sarauta ne?

Haka suke faɗa, kuma da ƙarfi. Kirarin zuri'ar shi ne 'S Rioghal Mo Dhream, wato "jinina na sarauta ne". Labarin da suka gada ya ce kakansu Griogair ɗan gidan Sarki Alpin ne, mahaifin Kenneth MacAlpin, wanda ake lissafawa a matsayin sarkin da ya haɗa masarautar a ƙarni na 9. Akwai zuri'o'i bakwai da ke jingina kansu ga wannan gida, ana kiransu Siol Alpin, irin Alpin ke nan: MacGregor, Grant, MacKinnon, MacNab, MacAulay, MacQuarrie da MacFie.

Masana tarihi dai ba su karɓi wannan salsala ba, don tsakanin Alpin da mutum na farko da rubutu ya tabbatar akwai ramin shekara kusan 500. Griogair ɗin da za a iya nunawa da yatsa ya rayu ne a ƙarni na 14, ana masa laƙabi da mai linzamin zinariya. Ɗansa Iain mai ido ɗaya ya rasu a 1390, kuma an rubuta rasuwar tasa. Wani abin sha'awa, rubutun da ya adana waɗannan bayanai na 'yan gida ne. James MacGregor, wani babban malamin coci da ke zaune a Fortingall, shi da ɗan'uwansa Duncan sun tattara waƙoƙin Gelik da tarihin mace-macen manya a farkon ƙarni na 16, kuma kundin nasu yana cikin mafi daraja da harshen yake da su. Mutanen da daga baya aka yi wa tambarin ɓarayin shanu, su ne suka ceci babban kaso na tsohon adabin ƙasar.

A ganina batun jinin sarauta bai kamata ya dami kowa ba. Kusan kowace zuri'a mai ji da kanta a duniya tana da irin wannan labari na kaka basarake da ya zo daga nesa. Amfaninsa a nan shi ne ya zama abin riƙo a lokacin da aka ƙwace musu komai.

Ina ne ƙasarsu ta asali, kuma yaya aka yi suka rasa ta?

Kwaruruka uku ne a gabashin yankin Argyll, kusa da tafkin Loch Awe: Glenorchy, Glenstrae da Glenlochy. Kalmar glen da za ka yi ta gani a wannan labari kwari take nufi, loch kuma tafki.

Matsalarsu ta takarda ce. Su MacGregor suna zaune a ƙasar ne bisa gado da ƙarfin takobi, kamar yadda aka saba a tsohuwar al'adar Gelik: kakanninmu a nan suka zauna, shi ke nan hujja. Amma sarakunan Sikotlan sun riga sun shigo da wani tsari, inda ƙasa duk ta sarki ce, shi ke ba wanda ya ga dama da rubutacciyar shaida mai hatimi. Sarki Robert Bruce, wanda ya yi mulki daga 1306 zuwa 1329, ya saka wa zuri'ar Campbell da yankin Loch Awe saboda sun tsaya masa a yaƙi da Ingila. Daga nan Campbell suka yi ta tara takardu, wani wuri ta kyautar sarki, wani ta aure, wani ta saye. Wajen 1450 suka gina ganuwar Kilchurn a bakin tafkin, daidai ƙofar shiga kwarurukan. MacGregor suka wayi gari 'yan haya ne a gonar kakanninsu.

Kada a ɗauka tun farko gaba ce. Fiye da shekara 100 MacGregor su ne dakarun Campbell na Glenorchy, tare suka nausa gabas zuwa Glenlyon, Rannoch da bakin tafkin Loch Tay. Sun yi auratayya, sun yi riƙon 'ya'yan juna. Abin ya lalace ne a tsakiyar ƙarni na 16, zamanin Colin Campbell da ake kira Colin mai furfura. Ya sayi ikon Glenstrae, sannan ya ƙi tabbatar wa saurayin shugaban zuri'ar, Gregor Roy, gadon mahaifinsa sai da sharuɗɗan ƙasƙanci. Yaƙi ya ɓarke a 1562, aka shekara takwas ana ƙone-ƙone da kore shanu. A watan Afrilun 1570 Colin ya sa aka fille wa Gregor kai a Kenmore. Matar Gregor, Marion, ita ma 'yar Campbell ce, kuma danginta na cikin masu farautar mijinta. Waƙar makoki da ta yi masa tana rarrashin jaririnta, Griogal Cridhe, har yau ana rera ta a Gelik.

Mutumin da ba shi da gona tasa, ga iyali, ga makami a hannu, ba sai an faɗi inda zai dosa ba. Satar shanu ta zama sana'a, kuma manyan masu ƙasa suka riƙa hayarsu su kai wa abokan gabarsu hari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Me ya faru a Glen Fruin?

Shi ne abin da ya kai su bango. A ranar 7 ga Fabrairu 1603, Alasdair MacGregor na Glenstrae ya jagoranci mutanensa suka gwabza da zuri'ar Colquhoun na Luss a wani kwari da ke yamma da tafkin Loch Lomond. Colquhoun suna da izinin sarki na su hukunta MacGregor saboda wani hari da aka kai musu watanni biyu kafin nan, lokacin da aka kai mata gaban Sarki James na shida a Stirling ɗauke da rigunan mazajensu jina-jina. Colquhoun sun fi yawa, suna da dawakai, amma wurin fadama ne, dawakan suka maƙale. Alasdair ya raba rundunarsa biyu, aka sa su a tsakiya. An kashe wa Colquhoun mutum wajen 140, wasu ruwayoyin ma suna kai adadin 200, aka kuma kore ɗaruruwan shanu da tumaki da dawakai.

Lokacin ya zo musu a karkace. Bayan mako shida Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta rasu, James ya gaji kujerarta. Sarkin da ke shirin tafiya Landan ya nuna wa Turawan Ingila shi mai iko ne ba zai bar irin wannan abin kunya a bayansa ba. A farkon Afrilun 1603, kwanaki kaɗan kafin ya kama hanya, majalisarsa ta fitar da dokar soke sunan MacGregor baki ɗaya.

Shi kuwa Alasdair, da cin amana aka kama shi. Basaraken Argyll, wato shugaban Campbell duka, ya yi masa alkawarin zai kai shi Ingila lafiya ya gana da sarki. Aka raka shi har ya tsallaka iyaka a Berwick, ya taka ƙasar Ingila, sai aka juyo da shi Edinburgh, wai alkawari ya cika. A watan Janairun 1604 aka rataye shi a dandalin kasuwar birnin tare da wasu manyan danginsa. An ɗaga igiyarsa sama da ta sauran don a nuna shi ne babba.

Ta yaya ake haramta suna? Me dokar ta ce?

Dokar ta ce duk mai amsa Gregor ko MacGregor ya ajiye sunan ya ɗauki wani, shi da 'ya'yansa da jikokinsa, wanda ya ƙi kuwa a kashe shi. Daga baya aka yi ta ƙara mata ƙaimi. An hana waɗanda suka halarci Glen Fruin riƙe kowane makami sai wuƙa marar tsini ta yankan nama. An hana su taruwa fiye da mutum huɗu a wuri ɗaya. An sa lada a kan kawunansu, har mai laifi ma ana iya yafe masa in ya kawo kan wani MacGregor, abin da ya sa ɗan'uwa ya riƙa tsoron ɗan'uwa. An bi su da karnukan farauta. An ba da umarnin a yi wa matansu lalas a fuska da maɓallin ƙofa mai zafi, a kuma raba su da yara. An ci tarar duk wanda ya ba su masauki ko abinci, kuma wannan tara ta zama hanyar samun kuɗi ga manyan da aka ɗora wa aikin.

Majalisar dokoki ta tabbatar da haramcin a 1617. A 1633, zamanin Sarki Charles na farko, aka ƙara cewa limamin coci ba zai yi wa jariri baftisma da sunan Gregor ba, magatakarda kuma ba zai rubuta sunan a wata yarjejeniya ba. Wannan na ƙarshen ya fi yadda ake zato ciwo. Wanda ba a rubuta sunansa ba, ba ya sayen gona, ba ya barin gado, ba ya kai ƙara. Daga wannan zamani ne suka sami laƙabin 'ya'yan hazo, don a kan tsaunuka cikin hazo suke ɓuya.

To da wane suna suka riƙa amsawa?

Galibi sunan mai ƙasar da suke zaune a kanta, ko sunan dangin uwa. Murray, Graham, Drummond, Stewart, Grant, har da Campbell ɗin da ya jawo musu. Wasu suka ɗan murɗa nasu, ya koma Gregory, Greig, Gregson ko Grierson, ko da yake ba duk mai waɗannan sunaye ne MacGregor ba, don wasunsu sun samo asali ne daban daga sunan Gregory kai tsaye. Wasu kuma suka ɗauki sunan launi ko sana'a, irin su Black, White da King.

A takarda ne kawai aka canza. A cikin gida, cikin harshen Gelik da jami'an Edinburgh ba sa ji, kowa ya san ko shi ɗan wane ne. Takardun kotu na lokacin cike suke da "wane Murray, wanda ake kira MacGregor", wato ita kanta gwamnatin da ta soke sunan ba ta iya gane mutanenta sai ta ambace shi. Sara da sassaƙa ba su hana gamji toho ba.

Wane ne Rob Roy? Jarumi ne ko ɓarawo?

Ya danganta da ko shanun wa ake magana. Sunansa na asali Robert MacGregor, an haife shi a 1671 a Glengyle, a kan tafkin Loch Katrine. Roy daga kalmar ruadh ce, wato ja, saboda jan gashinsa. Da aka dawo da haramcin a 1693, bayan an ɗage shi na wasu shekaru, sai ya koma sa hannu da Robert Campbell, sunan gidan mahaifiyarsa.

Da farko falken shanu ne mai mutunci, yana sayo su daga tsaunuka ya kai kasuwannin kudu. A gefe kuma yana karɓar kuɗin tsaro: ka biya shi, ba a taɓa garkenka, in an sace ma ya bi sawu ya dawo maka da su, ka ƙi biya, to, Allah ya kiyaye. Irin wannan haraji ne 'yan Sikotlan suke kira blackmail, baƙin haya ke nan, kalmar da Turanci ke amfani da ita yau ga duk wata barazanar karɓar kuɗi.

Ya karye ne a 1712. Ya karɓi bashin jari daga basaraken Montrose da wasu, sai babban yaronsa ya gudu da fam 1,000. Aka ayyana shi ɗan tawaye, aka ƙwace gonakinsa, aka fitar da iyalinsa. Shi kuma ya sha alwashin Montrose ne zai ciyar da shi, ya yi shekaru yana kwashe masa shanu da hatsi. A 1716 har wakilin basaraken mai karɓar haya ya kama, da jakar kuɗin da littafin lissafi, ya tsare shi a wani tsibiri a Loch Katrine. Ya shiga tawayen magoya bayan gidan Stuart, gidan sarautar da aka kora daga mulki, a 1715 da 1719. A ƙarshe ya miƙa wuya aka yafe masa, ya mutu a kan gadonsa a Balquhidder a Disambar 1734. Labarin da Walter Scott ya wallafa da sunansa a 1817 ne ya mai da shi gwarzon duniya. Rubutun da ke kan kabarinsa yau, mai cewa MacGregor ne ko sun ƙi ko sun so, an ƙara shi ne shekaru masu yawa bayan rasuwarsa.

Yaushe aka ɗage haramcin?

Sau biyu. Sarki Charles na biyu ya ɗage shi a 1661 don saka musu da goyon bayan da suka ba gidansa a yaƙin basasa. Da aka kori gidan Stuart, gwamnatin Sarki William ta dawo da shi a 1693. Sai a 1774 majalisar dokokin Birtaniya ta soke shi har abada. A lokacin an riga an karya ƙarfin zuri'o'in tsaunuka bayan yaƙin Culloden na 1746, babu sauran abin tsoro, kuma daula tana buƙatar sojoji.

Nan da nan mutane suka fara komawa sunansu. Maza 826 suka sa hannu a takardar amincewa da John Murray na Lanrick, wani jami'i da ya yi aiki a Indiya, a matsayin shugaban zuri'a. Da Sarki George na huɗu ya ziyarci Edinburgh a 1822, 'yan MacGregor ne aka ba rakiyar kambun sarauta da takobi da sandar mulkin Sikotlan, a birnin da aka rataye shugabansu. A shekarar ne kuma aka kafa ƙungiyar zuri'ar, wadda take nan har yanzu. Shugabansu na yau shi ne Sir Malcolm MacGregor.

Duk mai suna MacGregor dangin juna ne?

A'a. Kalmar clann da ake kiran zuri'a da ita tana nufin 'ya'ya, amma ba kowa ne ɗan jini ba. Talakawan da ke zaune a ƙarƙashin shugaba, da baƙin da suka nemi mafaka, sukan ɗauki sunansa. Haramcin kuma ya ƙara dagula lissafi ta ɗaya ɓangaren: iyalai da yawa ba su koma tsohon sunan ba bayan 1774, don haka akwai Murray da Drummond da jininsu na MacGregor ne. Shi ya sa masu bin salsala a yau suke haɗawa da gwajin ƙwayoyin halitta.

Mene ne tambarinsu da tufafinsu?

Tambarin kan zaki ne sanye da kambu, garkuwar shugaba kuma tana ɗauke da bishiyar da aka tumɓuke da saiwarta, an gicciye ta da takobi. Yadinsu mai ratsi-ratsi ja ne da kore da siririn fari. Sai dai wannan al'ada ta kowace zuri'a da nata zanen yadi ba tsohuwa ba ce sosai, a ƙarni na 19 ta kafu.

Waɗanne sanannun mutane ne suka amsa sunan?

Masu kallon ƙwallon Ingila suna cin albarkacin ɗaya daga cikinsu ba su sani ba. William McGregor, ɗan Perthshire mai shagon yadi a Birmingham kuma jigo a Aston Villa, shi ne ya rubuta wa ƙungiyoyi wasiƙa a 1888 yana ba da shawarar su riƙa karawa gida da waje bisa jadawali. Da ƙungiya 12 aka fara, kuma ita ce gasar lig ta ƙwallon ƙafa ta farko a duniya. Mutum-mutuminsa yana tsaye a gaban filin Villa Park.

Akwai kuma wanda ya zubar musu da mutunci, Gregor MacGregor, sojan da ya yi yaƙin 'yancin Benezuwela. Ya dawo Landan ya ce shi ne sarkin wata ƙasa mai suna Poyais a gaɓar Amurka ta Tsakiya, ya buga kuɗinta, ya sayar da filayenta, ya ci bashin fam 200,000 da sunanta a 1822. Mutum wajen 250 suka shiga jirgi zuwa can, suka tarar da daji da sauro, fiye da rabinsu suka mutu. Shi kuwa bai taɓa yin zaman kaso na kirki a kan haka ba, a Karakas ya mutu a 1845 aka binne shi da girmamawar soja.

Akwai wata alaƙa tsakanin sunan da Najeriya?

Akwai, ta hanyar mutum biyu. Sir William MacGregor, likita ɗan Aberdeenshire, shi ne gwamnan Legas daga 1899 zuwa 1904. Ya fi shahara da yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ta hanyar cike fadamu da haƙa magudanan ruwa, kuma akwai mashigin ruwa a tsibirin Legas da ke ɗauke da sunansa.

Na biyun ya fi kusa da mu. Macgregor Laird, ɗan garin Greenock, ya sami sunansa na fari ne daga gidan mahaifiyarsa, wata al'ada ta 'yan Sikotlan ta raɗa wa yaro sunan dangin uwa. A 1832 shi da Richard Lander suka shigo kogin Neja daga teku da jiragen ruwa biyu masu aiki da tururi, suka hauro har mahaɗarsa da Binuwai, inda Lakwaja take yau. Zazzaɓi ya yi musu kaca-kaca: cikin Turawa 48, tara kawai suka tsira. Laird bai daddara ba, a 1854 ya sake tura wani jirgin, wanda William Baikie ya jagoranta cikin Binuwai, aka riƙa shan kwinin kullum, kuma ba wanda ya mutu. Jiragen nan biyu na tafiyar farko, ɗaya an sa masa suna Quorra, wato Kwara, sunan da ake kiran kogin da shi a arewa. Ɗayan, ƙaramin da aka ƙera da ƙarfe zalla a masana'antar gidan su Laird, sunansa Alburkah, daga kalmar Hausa albarka.